Likita, Ciwon Damuwa Ya Taɓa Ƙwaƙwalwar Ɗiyata Ne?

Tambaya, daga wata uwa a unguwar Birni, Damagaram: "Ɗiyata shekararta 16, bana za ta rubuta BEPC. Wata huɗu ke nan ta canza mini. Ta daina zuwa wajen ƙawayenta, abinci sai an matsa mata, da dare ba ta barci, makinta na lakwal duk sun zube. Majon da ya duba ta ya ce ciwon damuwa ne. Yayanta kuma ya karanto a salula cewa wannan ciwo yana canza haɗin jijiyoyin ƙwaƙwalwar matasa. Ƙwaƙwalwarta ta lalace ke nan? In sayar da ɗan abin da nake da shi in kai ta Yamai a ɗauki hoton kanta?"

Amsa:

Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya. Ƙwaƙwalwarta ba ta lalace ba, kuma bisa ga abin da kika faɗa, ba hoto take bukata ba. Kada ki sayar da komai tukuna. Abin da yayanta ya karanto yana da tushe a bincike, sai dai canjin da masana suke nufi daban ne da wanda ya faɗo miki a rai.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Nauyinta kashi 2 ne kawai cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, ko da mutum yana kwance bai ɗaga tsinke ba. Babu sashenta da ke aiki shi kaɗai. Ki ɗauki garin nan namu: da za a ɗauko hotonsa daga sama, za a ga Birni da Zango da Sabon Gari, kowane gida a tsaye, babu bangon da ya faɗi. Amma hoton ba zai nuna miki cewa kabu-kabu sun yi cunkoso a kan hanya ɗaya suna ta kai da kawo tsakanin gidaje biyu, wata hanyar kuma ta zama kufai ba. Canjin da ake magana a kansa a ciwon damuwa canjin zirga-zirga ne, ginin yana nan. Hoton sikana da na IRM da ake yi a asibiti gini suke dubawa: ƙari, zubar jini, rauni, kumburi. Na ɗiyarki, da izinin Allah, fes zai fito, ki dawo gida da takarda mai cewa babu komai, yarinya kuma tana nan yadda take.

Hanyar da masu bincike ke bi daban ce. A 1990 wani masani ɗan Japan, Seiji Ogawa, ya nuna cewa na'urar IRM tana iya bin sawun iskar oksijin da ke cikin jinin ƙwaƙwalwa, kuma sashen da ke aiki ya fi jawo jini. A 1995 Bharat Biswal ya gano a Amurka cewa ko mutum yana kwance ba ya yin komai, akwai sassan da aikinsu ke tashi tare yana sauka tare, ko da suna nesa da juna. Sai a kwantar da mutum cikin na'ura na wasu mintoci, kwamfuta ta lissafa waɗanne sassa ne ke tafiya tare. Wannan lissafin ake kira haɗi. Ba wata jijiya aka hango ta tsinke ba.

Ta haka aka rarrabe rukunoni da yawa. Wanda ya fi shafar ɗiyarki shi ne wanda Marcus Raichle da abokan aikinsa suka bayyana a 2001, zan kira shi rukunin tunanin kai. Wasu sassa ne a tsakiyar ƙwaƙwalwa, gaba da baya, da ke farkawa idan mutum ya zauna shiru: yana tuna jiya, yana hasashen gobe, yana auna kansa, yana tunanin yadda mutane ke kallonsa. Rukuni ne mai amfani, da shi mutum ke yin nadama da shiri da sanin ya kamata. A mai lafiya, da zarar an kira shi ko ya kama wani aiki, rukunin yakan lafa, wani rukunin ya karɓi ragama, wato na sarrafa hankali, wanda manyan sassansa ke bayan goshi da gefen saman kai. A 2015 Roselinde Kaiser ta tattara binciken da aka yi a kan manya da matasa fiye da 500 masu ciwon damuwa, ta ga haɗin cikin rukunin tunanin kai ya ƙaru, na cikin rukunin sarrafa hankali ya ragu. A shekarar kuma Tiffany Ho ta duba matasa a Kalifoniya, ta ga haɗin rukunin tunanin kai yana nan a sama ko an ba su aikin yi, ya ƙi lafawa.

Ki riƙe wannan da kyau, don shi ne fassarar abin da kike gani a tsakar gidanki. Yarinya ta buɗe littafi, idonta na kan shafi, amma can ciki magana ɗaya ke ta juyawa: ni ba ni da amfani, na kunyata gidanmu, kowa ya fi ni, me ya sa aka ce mini kaza. Mushe yana bayani a allo, ita tana can. Ta karanta layi sau biyar bai zauna ba. Mu a nan mukan ce tunani ya yi mata yawa, kuma gaskiya muka faɗa. Inda muke kuskure shi ne da muke ce mata "ki daina tunani" kamar abin a hannunta yake. Ai abin da ke kashe tunanin shi ne ya yi rauni. Makinta ba don basirarta ta ragu suka faɗi ba, hankalinta ne aka tsare a wani wuri.

Akwai kuma hanyar marmari, wadda cibiyarta ke can ƙasan ƙwaƙwalwa. Ita ke sa mutum ya ji ɗoki tun kafin abin daɗi ya iso: ƙamshin miya, sallamar ƙawa a ƙofar gida, ɗinkin salla. Erika Forbes ta jami'ar Pittsburgh ta nuna a 2009 cewa wannan cibiya ba ta motsawa sosai a matasa masu ciwon damuwa idan an ba su lada, kuma waɗanda tasu ta fi sanyi su ne suka fi ƙarancin jin daɗi a rayuwarsu ta yau da kullum. A Birazil an ɗauki hoton yara fiye da 600 ƴan shekara 6 zuwa 12, aka bi su shekara uku. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna cewa yanayin haɗin wannan cibiya da sauran sassa yana da alaƙa da waɗanda ciwon ya kama daga baya. To idan ɗiyarki ta ƙi zuwa bikin da a da ita ce kan gaba, ba girman kai ba ne, ba lalaci ba ne. Ɗokin ne baya tasowa. Wannan zargi na lalaci da raini yana ci mini rai ƙwarai, domin yara da yawa sun sha faɗa, wasu har duka, a kan abin da alama ce ta ciwo.

Amigdala kuma wani ɗan ƙaramin sashe ne mai gano haɗari da tayar da tsoro, sassan bayan goshi ne ke lallashinsa. Kathryn Cullen ta Minnesota ta nuna a 2014 cewa haɗinsa da wasu sassa ya bambanta a matasa masu wannan ciwo. A waɗannan shekarun ciwon ba kullum da kuka yake zuwa ba. Sau da yawa da saurin fushi yake zuwa, musamman ga samari.

Wani binciken da ya ja hankalin masana shi ne na Charles Lynch da Conor Liston na birnin New York, wanda mujallar Nature ta buga a 2024. Sun duba rukuni na uku, na ankararwa, wanda ke zaɓar abin da ya cancanci hankali ya koma kansa. Maimakon hoto ɗaya, sun yi ta maimaita ɗaukar hoton mutum guda tsawon watanni. Suka ga a yawancin masu ciwon damuwa wannan rukuni ya mamaye fili kusan ninki biyu na wanda yake ci a sauran mutane. Faɗinsa baya canzawa ko mutum ya samu sauƙi, kuma an gan shi a yara tun kafin ciwon ya bayyana a kansu. Abin da ke hawa da sauka tare da ciwon shi ne ƙarfin haɗi tsakanin sassansa. Ma'anar wannan a wurina ita ce wasu yaran sun zo da tsarin da ya fi saurin kamuwa, kamar yadda hawan jini ke bin wasu gidaje, amma tasowar ciwon da kwanciyarsa suna bin abin da ke canzawa. Ba ciwon ne ya cinye wani wuri ba.

Dalilin da ya sa abin ya fi tasowa bayan balaga shi ne ƙwaƙwalwa ba ta nuna gaba ɗaya a lokaci guda. Sassan motsin rai da na marmari suna yin ƙarfi da wuri, sassan bayan goshi masu riƙe linzami ba sa kammala girma sai mutum ya kai wajen shekara 25. A tsakanin nan ana ta datse haɗin da ba a amfani da shi, ana ƙarfafa wanda ake yawan bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na ƴan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Kafin balaga maza da mata kusan kunnen doki suke a ciwon damuwa, bayanta kuwa ƴan mata sun ninka samari. A ƙasa kamar Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, wannan ba maganar Turawa ba ce. Amma wannan rashin kammalawar shi ne kuma dalilin sa rai: abin da bai gama ginuwa ba yana karɓar gyara.

Na san an ce gani ya kori ji, kuma zuciyar uwa tana son a nuna mata abu a takarda. Sai dai ko a inda ake da irin waccan na'ura ta bincike, ba a gane ciwon damuwa da ita. Duk sakamakon da na lissafa miki matsakaici ne na taron mutane, ba hukunci a kan mutum ɗaya ba. A 2022 Nils Winter da abokansa a Jamus sun gwada mutane wajen 1,800, masu ciwon da marasa shi, suka ga ma'aunan ƙwaƙwalwar ɓangarorin biyu sun yi kama da juna da kashi 87 zuwa 95 cikin 100. Da aka ce a ware mai ciwo daga mai lafiya da waɗannan ma'aunai, an dace ne sau 54 zuwa 56 cikin 100, kusan daidai da canke. A 2022 ɗin kuma Scott Marek ya nuna cewa irin wannan bincike sai an haɗa dubban mutane kafin a amince da shi, alhali da yawa daga cikin na farko mutum talatin ko arba'in suka duba. Har ma wani babban bincike na ƙasar Sin a 2019, mai majinyata 1,300, ya samu akasin abin da aka saba ji: haɗin rukunin tunanin kai raguwa ya yi a waɗanda ciwon ke yawan dawo musu. Babban aikin da ake yi yanzu a kan matasa, wanda ya fara bin yara kusan 12,000 ƴan shekara 9 da 10 tun 2016, a Amurka yake. Yawancin hotunan da aka gina ilimin nan a kansu na Amurka ne da Turai da Sin. Don haka duk wanda ya ce miki zai ɗauki hoto ya nuna miki damuwa a kan ɗiyarki, kuɗinki yake so. Da hira ake gane wannan ciwo, da tambayoyi, da sauraro.

Akwai lokacin da hoto ya zama dole: farfaɗiya, ciwon kai mai tsanani da ke ƙaruwa tare da amai da safe, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, canjin gani, ko kuma idan sauyin halin ya biyo bayan buguwa a kai. Zazzaɓi da ruɗewa da sanƙarewar wuya kuwa asibiti ake nufa nan take, mun san sanƙarau a yankin nan. In babu ko ɗaya, abin da zan fi so a yi mata shi ne awon jini mai sauƙi. Ƙarancin jini ya yi yawa a ƴan matanmu kuma yana kawo kasala da rashin tattara hankali. A duba maƙoƙo, a tambayi al'adarta, a tabbatar babu wata cuta mai cin jiki a ɓoye.

Kuɗin da kika yi niyyar kashewa a hanyar Yamai, ki kashe kaɗan daga ciki wajen kai ta ga ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin nan, kuma ki bar ta ta gana da shi ita kaɗai na ɗan lokaci. Haɗin ƙwaƙwalwa baya canzawa haka kawai, rayuwa ce ke tura shi. Me ya faru wata huɗu ko biyar da suka wuce? Rasuwa? Maganar auren da ba ta so? Wani yana takura mata a hanya, ko a lakwal, ko a cikin gida? An yaɗa wani abu game da ita a WhatsApp? Tsoron faɗuwa jarrabawa? Yarinya mai kunya ba za ta faɗi waɗannan a gaban uwa ba, wani lokaci inna ko goggo ko kaka ta fi samun bakinta. In abin da ke cizonta yana nan, babu maganin da zai yi aiki sosai sai an cire shi. Da namiji ne da na ƙara da tambayar tramol da abin da ake sha a fada, ko da yake ƴan mata ma ba su tsira ba.

Maganin farko hira ce mai tsari da wanda ya koye ta, ba nasiha kawai ba. Ana koya wa yarinya ta gane lokacin da tunanin ya fara juyawa, ta karkatar da shi zuwa wani abu takamaimai da za ta iya yi. A Chicago an gwada irin wannan a kan matasa a 2016, maimaita tunani ya ragu, kuma hoto ya nuna haɗin rukunin tunanin kai ya sauya. Binciken ƙarami ne, amma ya nuna hanyoyin suna motsi. Kuma ba sai ƙasar masu kuɗi ba: a arewacin Yuganda, a sansanonin gudun hijira, an tara matasa ƴan shekara 14 zuwa 17 rukuni-rukuni ana irin wannan zama da su, mutanen yankin da aka horar su ne ke jagoranta, kuma sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna ƴan matan sun samu sauƙi sosai.

A gida akwai abubuwa biyu da ke hannunki. Na farko barci. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2007 ya nuna cewa dare ɗaya ba barci ya sa amigdala ta ƙara zafi da wajen kashi 60 cikin 100, haɗinta da bayan goshi kuma ya yi rauni. Mai shekarunta tana bukatar awa 8 zuwa 10. Salula ta kwana a ɗakinki, ba da sunan horo ba, a bar shayi mai ƙarfi da yamma, ta riƙa tashi lokaci ɗaya kullum tana ganin hasken safiya. Na biyu motsi. Kada ki jira sai ta ji sha'awa, domin a wannan ciwo aiki ne ke gaba, sha'awa ta biyo baya. Ƙaramin abu kullum: ta raka ki kasuwar Dole, ta yi wa ƙanwarta kitso, ƙawa ɗaya da ta yarda da ita ta riƙa zuwa. Tare za ku yi, ba aike ba. In ta yi rabi, ki yaba rabin.

Idan ciwon ya yi nauyi ko hira ba ta wadatar ba, akwai ƙwaya. Wadda ta fi samun shaida a matasa ita ce fuluwoksetin. A wani gwaji na Amurka da aka buga a 2004, mai matasa 439 ƴan shekara 12 zuwa 17, bayan sati 12 kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa ƙwaya da hira sun samu sauƙi, masu ƙwaya kaɗai kashi 61, masu hira kaɗai 43, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki 35. Likita ne kawai zai rubuta ta. Amitiriftilin, wadda ake yawan ba manya, ba ta da amfani ga matasa kuma tana da haɗari in an sha da yawa. Ƙwayoyin barci na masu tallar magani a tire kuwa kada su shigo gidanki.

Ga magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Ki tambaye ta, a natse, ku biyu: "Kin taɓa jin kin gaji da rayuwa? Kin taɓa tunanin yi wa kanki illa?" Tambayar ba ta dasa tunanin, bincike ya tabbatar da haka, sau da yawa ma sauƙi yaro ke ji da aka tambaye shi. In ta ce e, kada ki fara da tsoratarwa ko wa'azi, ki rungume ta, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar. Tun yau ki kulle maganin ƙwari da na ɓera da duk tarin ƙwayoyin da ke gidan.

Addu'a da karatun Alƙur'ani da sadaka, ki ci gaba da su, ba su yi karo da magani ba, kuma yarinyar da ta ji ana yi mata addu'a ta san ba a yar da ita ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne duka, ko ɗauri, ko turnuƙe ta da hayaƙi da sunan fitar da iska, ko a ce mata raunin imani ne ya jawo mata. Wannan ƙara wa tunanin nan mai juyawa abinci ne.

Game da BEPC, ki je ki ga shugaban makarantar, ki ce ba ta da lafiya tana karɓar magani, ba sai kin yi dogon bayani ba. In ta iya rubutawa bana, madalla, in ba ta iya ba shekara ɗaya ba ta kai lafiyarta ba. In an fara ƙwaya, kada ki sa ran canji kafin sati biyu zuwa shida, kuma a watan farko likita ya riƙa ganinta kowane sati, domin a wasu matasa kaɗan rashin natsuwa ko tunanin illa ga kai kan ƙaru a farkon shan magani. Ki sanar da shi in akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo a dangi, ko wanda ya taɓa kwanaki ba barci yana ta zuba da ɗoki fiye da kima, don hakan yana canza irin maganin da za a zaɓa. In ta warware, a ci gaba da sha aƙalla wata shida, sannan likita ya rage a hankali. Kada a yanke rana ɗaya don an ga ta fara dariya.